Majid da Shebur ɗin Hajiya Kudo

Duk wanda ya bi ta lungunmu a Aziziyya ta Makka bayan sallar asuba zai ga wani dogon mutum mai tabarau yana share ƙofar gida, ya gama ya haɗa da ta maƙwabta. Baƙi kan ɗauka ma'aikacin shara ne. Ƙanena ne Majid, injiniyan ruwa, mai mata da 'ya'ya biyu. Ni da na goya shi na san lokacin da ko kofin da ya sha shayi ba ya ɗagawa.

Laifin ba nasa ba ne shi kaɗai. Babanmu, Alhaji Ɗanjuma, Allah ya jiƙansa, alhazai yake saukewa a saman benenmu duk shekara, kamar yadda kakanmu ya yi tun zuwansa daga Kano. Doka ɗaya ce a gidan: baƙo ba ya taɓa aiki. In wani alhaji ya ɗauki tsintsiya, Baba zai ƙwace har da ɓacin rai, ya ce an ci masa fuska. A nan Majid ya tashi, auta kuma namiji ɗaya cikin mata huɗu. Ya haddace cewa darajar mai gida ita ce a bar shi ya yi hidima.

Da ya sami gurbin ƙarin karatu a Aomori, can arewacin Japan, Umma ta cika masa jaka da dabino da yaji da rigunan sanyin da muke sawa idan an ɗan yi iska a Ɗa'if. Cikin sati biyu da shigowar hunturu ya gane ba su da maraba da singileti. Ya kama ɗaki a ƙasan gidan wata tsohuwa mai shekara saba'in da bakwai, mijinta ya rasu, 'ya'yanta suna Tokyo. Sunanta Kudo. Mu a gida Hajiya Kudo muke ce mata, don bakin Umma ba ya iya kiran babba gatsau.

Kullum yana da labari. Ya koyi ajiye takalmi a bakin ƙofa fuskarsa na kallon waje, ya koyi cewa akwai silifas na banɗaki daban, bayan ya shiga falon malaminsa da shi. Ya koyi raba shara gida biyar. Alwala da ruwan famfo kuwa, ya ce ji yake kamar ana yanka masa yatsu. Abin da ya fi so shi ne wani gajeren tebur mai bargo da wuta a ƙarƙashi, inda yake cusa ƙafafu ya yini yana karatu yana ɓare lemo. Hajiya Kudo kan ajiye masa tuffa a ƙofa, shi kuma ya kai mata dabino.

Sai tuffa ta daina zuwa. Gaisuwa ta koma sunkuyawa kawai. A watan Fabrairu ya tambaye ta sabunta zaman ɗakin, wanda zai ƙare ƙarshen Maris, ta yi murmushi ta ce abin da ɗan wuya. Abokan karatunsa suka fassara masa: a'a ke nan. Duk garin nan ne kaɗai ɗakin da yake iya takawa zuwa makaranta cikin ƙanƙara, kuma ya shaƙu da tsohuwar fiye da yadda yake faɗa.

Ya kira ni ta bidiyo wata Asabar, mu muna karin kumallo, su rana ta take. Yana cikin teburin nan nasa, fuska a kumbure.

"Wallahi ya ukhti ban san me na yi mata ba. Ba na hayaniya, ba na tara mutane."

Ina kallon tagar bayansa sai na hango wani ɗan ƙaramin mutum a duƙe, yana tura ƙanƙara da shebur.

"Wane ne wancan a waje?"

"Hajiya ce. Kullum da sassafe take share min hanya, yau an yi da yawa shi ya sa ta sake fitowa. Karamci gare ta, maskina. Ina yi mata godiya duk safiya."

Na ajiye kofina don kada in jefi wayar da shi.

"Majid! Tsohuwar da ta girmi Umma ce ke kwashe maka ƙanƙara wata biyu, kai kana cikin bargo kana shan lemo?"

"To ya zan yi, Yaya? In na karɓi shebur ai na raina ta. Ni baƙonta ne. Kin manta Baba?"

Umma ta miƙo hannu ta karɓi wayar. Ba ta ɗaga murya ba.

"Ya waladi, alhazan babanka kwana nawa suke yi? Kai wata biyar, da mabuɗi a aljihunka. Halas, baƙuntarka ta ƙare tuntuni. Tashi."

Daga baya ya gano kowane gida a layin yana fitar da mutum ya share gabansa kafin yara su wuce makaranta. Rabon ɗakinsa ita take yi, maƙwabta suna gani, kuma kunya ba za ta bar ta ta faɗa masa ba.

Ya fita da takalmin kambas ya karɓi shebur. Da ƙarfinsa na saurayi ya dinga wurga ƙanƙarar zuwa tsakiyar titi da ƙofar maƙwabci, wanda a can babban laifi ne. Tsohuwar nan da ba ta taɓa yi masa magana ba tare da sunkuyawa ba ta daka masa tsawa, ta buge masa hannu, ta nuna masa ramin da ake zubawa. Ya ce tun da ya bar Makka bai ji daɗi irin na wannan faɗan ba, don sak muryata ya ji. Na ce ya gode wa Allah ba ni ce a wurin ba.

Washegari ya riga ta fitowa. A bakin ƙofarsa ya tarar da dogayen takalman roba na marigayi mijinta, an cusa musu jarida a ciki don sun yi masa yawa. Maganar ɗaki ba ta sake tasowa ba. A Afrilu dai ya ga sunansa a takardar masu wanke wurin ajiye shara na layin, ya turo mana hotonta kamar wanda ya ci jarrabawa.

Hunturu huɗu ya yi a gidan. Ranar da zai taho ya wanke takalman ya sa a leda, ya roƙe ta ta bar masa su na tunawa. Ta ce Makka ba ƙanƙara, me zai yi da su? Ta karɓa ta cire su daga ledar, ta jera su a bakin ƙofa kusa da nata.

"Nan za su zauna," in ji ta. "In ka dawo kada ka tsaya nema."