Mitar da Ta Kafe a Sifili

A bakin tasha wani tsohon bakanike yana durƙushe gaban babur, tabarau ɗaure da zare. Mitar gudun babur ɗin ta kafe a sifili, mai shi kuma sai tsaki yake yi.

"Baba, ta lantarki ce fa, ba irin ta zamaninku ba. Cire ta kawai a sa sabuwa."

Tsohon ko ɗago kai bai yi ba. Da gani ya sha jin wannan magana, wataƙila har daga bakin 'ya'yansa. Yana bin siririyar wayar da yatsa har tayar gaba, ya kankare busasshiyar laka da farce, ya murza tayar. Lambobi suka fara tsalle.

"Lafiyarta ƙalau, ɗana," in ji shi. "Ni da ita ba inda za mu."