Ranar da na ƙirga jikokin Inna

"Kada ki ƙidaya su," in ji Inna, tsohuwar da ta sauke ni a wani ƙauyen Bukkuyum lokacin ina binciken digirina kan zumunta. "Mu ba mu ƙidaya ɗiya. Akwai mai saurare."

Na yi murmushi irin na 'yan boko. Tana shiga ɗaki na ƙirga jikokinta a tsakar gida, na rubuta bakwai.

Da na koma ƙauyen lokacin kaka, na tarar ana zaman makoki. Inna ta kalli littafina ta ce, "Buɗe inda kinka rubuta. Goge guda."

Wallahi ban taɓa nuna mata shafin ba.

Shekaru ke nan ina koyarwa a jami'a, amma har yau ko 'ya'yana ba na ƙirgawa. Ku a gidanku ana ƙirgawa?