Malam Jibrilla da Lambar da Bai Ƙarasa Ba

Na Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, 14 ga Agusta, 1984, bayan azahar, Allah Ya karɓi ran yayana, Malam Jibrilla, malamin lissafi a firamaren Gangara. Ya faɗi ne a hanyarsa ta dawowa daga Sabon Birni, inda ya je neman hatsi bai samu ba. Ina garin Isa labarin ya iske ni. Kafin in iso har an rufe shi.

Yaya, ban san wanda za ni kai wa kukana ba.

Kai ka koya mini cewa lambobi ma hali gare su. Ka fi son 27,720, domin ko mutum biyu ne za su raba ta, ko bakwai, ko sha ɗaya, har zuwa sha biyu, kowa zai samu daidai, ba saura. Amma waɗanda suka hana ka sakat su ne marasa rabuwa sai da ɗaya ko da kansu. Tun bara kake bin 1,000,003, kana gwada raba ta da ƙananan irinta ɗaya bayan ɗaya. Ka ce mini, "Atiku, in na kai dubu ba ta rabu ba, to ba ta rabuwa har abada."

Sai fari ya zo. Gero ya ƙone tun bai kai gwiwa ba. Ajinka na yara arba'in ya koma tara, saura iyayensu sun kwashe su sun yi kudu. Ka buɗe rumbunka, dami talatin da ɗaya, ka ce na gidaje goma sha biyu ne na unguwarmu. Na ce ba zai rabu ba, kuma kana da iyali. Ka ce, "Dami ne ba ya rabuwa. A sussuke, a auna."

Sai yanzu matarka Rahmatu take gaya mini cewa da aka zo rabon gidanka ba ka ƙirga kanka ba. In ta kawo tuwo sai ka ce ka ci a makaranta. Na ga ramarka watan jiya, ka ce zazzaɓi ne, na yarda. Na yarda ne don ina tsoron tambaya, ni ma ba ni da abin ba ka. Ka yafe mini, Yaya.

Littafin da kake gwada raba lambar a ciki yana gabana. A 613 ka tsaya. Na ɗauki alƙalami in ci gaba, hannuna ya ƙi. Rahmatu da 'ya'yanka biyar ni suke kallo, rumbu ba ko tsaba, sama kuwa fes, ko alamar hadari babu.

Ina miƙa ta'aziyya ga Rahmatu, da mahaifiyarmu Inna Tani, da ɗalibansa, da mutanen Gangara baki ɗaya. Ya Allah, Ka jiƙan bawanKa Jibrilla, Ka yalwata kabarinsa, Ka ƙosar da shi a Aljanna. Ya Allah, ƙarfinmu ya ƙare. Ka dubi marayun nan, Ka ba mu ruwa.

Ƙaninka,
Atiku Gangara