Bidiyon Da Ya Cinye Motar Kawu

Ranar da sakamakon jarrabawata ya fito, kaina ya ɗau caji. Kawuna direba ya biyo ta Damba da kaya daga Bunguɗu zai kai Tsafe, na ce sai na bi shi shan iska. Na haye kan buhunan, na kwance bakin guda, na ga duwatsu suna ƙyalli. Nan take na kunna kyamara: "Mun ci jarrabawa, mun hau dutsen arziki, ba wasa!" Kafin Kwatarkwashi na watsa wa duniya.

A bakin Tsafe aka kama motar, ba takardar izinin ɗaukar ma'adinai. A kotu a Gusau lauya ya dage cewa Kawu bai san abin da aka lafta mishi ba. Sai aka kunna bidiyona. Ga muryar Kawu raɗau yana cewa, "Ɗaure buhun nan, ja'iri, kar a gani."

Motar tana can a hannun hukuma, tayoyinta sun sace. Kawu yanzu kabu-kabu yake da babur ɗin aro. Shi ya kai ni tasha ranar tafiyata makaranta.