Ƙwarin da Yaya Hajara Ta Hura Wuta da Su

Tun 1983 abin nan yake cina.

Na dawo gidanmu a unguwar Nima, na tarar da kwalina wayam. A ciki nake kiwon ƙwarin nan masu kama da busasshen tsinke. Wani malamin jami'a ya yi mini alkawarin aiki in na kai masa su da rai.

Na ce, "Yaya Hajara, ina abin cikin kwalina?"

Ta ce, "Ƙiraren? Na hura wuta da su a kurfoti. Kai da bokonka, har itace kake ɓoyewa?"

Halin ƙwarin ke nan, in an taɓa su sai su sandare don kada tsuntsu ya gane su. Ko motsi ba su yi a hannunta ba.

Jama'a, wa zan zarga? Ƙwarin sun ƙone, aikin kuma aka ba wani.