Ranar da Na Yabi Jikana a Bainar Jama'a

Shekara talatin na yi ina dillancin shanu tsakanin Shinkafi da Zurmi, bakina bai taɓa kashe mini ciniki ba sai a kan jikana.

Yaron nan Allah ya ba shi tsawo ba na wasa ba. Falwaya nake ce masa, shi kuma ya ce mini guntun turmi. A makarantar kwana ta Ƙaura ya koyi ƙwallon kwando, wasan da har yau ban gane ba, a yi ta jifa cikin kwandon da ba shi da gindi. Da ya kai ajin ƙarshe sai ga manyan makarantu uku suna nemansa, kowace ta ce karatu kyauta in zai yi mata wasa. Shi ransa na kan wata jami'a ta kudu. Kocinta ya biyo shi har gida a kan kabu-kabu.

Uban yaron ya sulale, don yaron ɗan farinsa ne, ko sunansa ba ya kamawa. Aka bar ni da baƙo a zaure, ni da bokona aji biyu, rabinsa ma ta taga na yi shi.

Kocin yana jin Hausar bariki. Ya buɗe littafi ya ce, "Baba, yaro nan yana da ƙarfi sosai ko?"

To, mu nan ba a yabon na gida. Saniyar wani zan zuga ta har mai ita ya fasa sayarwa, amma jinina? Baki ya kama shi? Ga maƙwabta uku sun kasa kunne a bakin zaure.

Na ce, "Wanga? Ci da kwana kaɗai ya iya. In an ce a tahi gona, sai ya ce gwiwa. Kullum gwiwa."

Maƙwabta suka yi dariya, don sun san karatun. Koci bai yi ba. Rubutu ya yi.

Kwana huɗu waya ba ta yi ƙara ba. Na zauna, na tashi, na je kasuwa ban san me na je saye ba. Sai malamin wasanninsu ya kira: koci ya ce iyalin yaro da kansu sun tona cewa yana da ciwon gwiwa, kuma maganar ta kai ga sauran makarantun biyu. Jikan nawa ya tsaya a kaina, ya tare mini rana.

"Tsoho, mi kac ce mai?"

"Wasa ne, falwaya."

Bai ce guntun turmi ba. Ya shige ɗaki.

Aka ce kocin na Ƙaura har Asabar, yana duba wani yaro. Hanyar ba a binta yadda aka ga dama, sai da muka jira ayari ya taru. Ina bayan babur ina ta haɗa magana tana warwarewa.

Na same shi a filin makaranta, ɗalibai cike. Na ce ƙarya na yi. Ya ce, "Baba, wane ne ƙarya, na farko ko na yanzu?" Gaskiyarsa. Dillali ya zo gyaran magana, wa zai yarda?

Abu ɗaya ya rage mini, wanda ko matata ban faɗa wa ba. Na ce bara da damina, da aka koro mu daga gona da harbi, ƙafafuna suka ƙi tashi. Yaron nan ya saɓa ni a baya kamar buhun gero, ya yi ta gudu cikin dawa da laka, bai dire ni ba sai bakin gari. Can na roƙe shi ya sauke ni, na shiga da ƙafata ina cika baki cewa ni na fi kowa sauri.

"Gwiwar da ta ɗauko ni ke nan," na ce. "Babu irinta a ƙasar ga."

Ɗalibai suka kwashe da dariya, wani ya ce, "Baba an sha goyo!" Koci ya ce likita zai duba. Likita ya duba bai ga komai ba.

Ran da jikan nawa zai tafi jami'ar kudun, ya sunkuyo daga can sama ya ce, "Guntun turmi, in zo in goya ka zuwa tasha?"

Yanzu yana can yana jefa ƙwallonsa. Ni kuwa a gari yara sun raɗa mini Na-goye, wannan bai dame ni ba. Abin da ya hana ni sakat shi ne na yabe shi a gaban mutum ya fi ɗari, da bakina. Na aika masa rubutun sha cikin gora sau biyu. In ya kira, kafin mu gama gaisawa na tambayi gwiwa. Ya ce lafiya lau. Sai in ɗaga murya yadda maƙwabta za su ji, in ce ai na sani, rago ba ya jin ciwo.