Ranar da Na Ɗauki Baba Tanko a Jirgin Awo

Ku matso kusa, 'ya'yana, ku da kuka gaji aikinmu a dam ɗin Tiga. Akwai ranar da har gobe ba ta fita raina ba, a damina ta biyu bayan an tare ruwa.

Ni lebura aka ɗauke ni, don daga aji huɗu na bar boko. Da foman ɗinmu, Malam Habu, ya ga na iya lamba, sai ya mai da ni mai awon ruwa. Ga wanda bai sani ba, wani dogon ƙarfe ne mai lambobi aka kafa cikin dam. Kullum da safe in shiga jirgi mai inji, in duba inda ruwa ya tsaya, in rubuta, in kawo wa foman, shi kuma ya aika Kano. Dokar jirgin ɗaya ce: ba a ɗaukar wanda ba ma'aikaci ba. Ni ko da ma ba mai yawo ba ne, ina tashi daga aiki sai gida.

To, maƙwabcinmu a sabuwar unguwa wani dattijo ne, Baba Tanko. Lokacin da motoci suka kwashe mutanen ƙauyensu yana kwance asibiti a Kano. Ko da aka sallamo shi, ruwa ya riga ya shanye gari har da maƙabarta, inda matarsa take. Mutumin da Juma'a ba ta wuce shi bai je ziyara ba. Tun daga nan ya soma janye jiki, har ta kai ko koko sai an yi da gaske yake kurɓa.

Wata yamma 'yarsa Hajara ta shigo wajen mai ɗakina, ta durƙusa ta gaishe ni.

"Kawu Sule, Baba fa tafiya yake yi muna kallo. Ya ce bai yi sallama da Inna ba, da wane baki zai ci tuwon sabon wuri?"

Washegari na sami foman, na zayyana masa komai. Ya juya biro a hannu.

"Sule, ka san doka."

"Na sani, ranka ya daɗe."

"Fasinja dai ban yarda ba." Ya ɗan kalli waje. "Amma na ga iska ta yi yawa kwanan nan. Gobe ka nemi mai riƙe maka igiya. Dattijo ya fi natsuwa."

Da hantsi muka tallabo Baba muka sa a jirgi, Hajara ta tura ƙwaryar fura ƙarƙashin benci. Da na tsaya awo ina rubutu, ya ce, "Ɗan nan, me kake zanawa?"

Na ce, "Tsayin ruwa, Baba."

"Kullum?"

"Kullum."

"Hmm. Ashe akwai mai lissafin abin da ya rufe mu."

Daga nan shi ya zama direba, ni bin yatsansa kawai nake. Muka yi gabas har muka hango kan wata giginya ya leƙo, ganyen duk ya bushe. Ya ce in kashe inji. Ya daidaita giginyar da wani dutse can bakin gaɓa, ya ce in tuƙa kaɗan da filafili, in ƙara, in tsaya.

Ni ban ga komai ba sai ruwa. Shi ko ya gyara hula, ya yi sallama irin ta mai shiga maƙabarta, ya ɗaga hannu ya daɗe yana addu'a, ina amin. Da ya shafa, sai ya zura hannu cikin ruwan har gwiwar hannu, ya bar shi.

Can na ji ya yi 'yar dariya.

"Da sanyi, Sule. Uwar Hajara ba abin da ta tsana irin zafin bazara. Kullum mita, kullum mafici a hannu. Na yi ta alkawarin dasa mata darbejiya, ban samu yi ba." Ya share ido da bakin riga. "Ka ga Mai Sama ya riga ni."

Na yi ta gyara igiyar da ba ta kwance ba. Sai ya taɓa ƙwaryar da ƙafa.

"Wai me yarinyar nan ta ƙunso mana ne? Buɗe mu gani."

Ya sha ludayi bayan ludayi, har yana ƙorafin nono ya yi tsami. Da muka dawo foman ya tambaya, "Mai igiya ya yi aiki?" Na ce, "Ya yi, ranka ya daɗe." Ya karɓi takardar awo, ya ci gaba da aikinsa. Kafin damina ta fita, Baba Tanko ya dasa darbejiya a ƙofar sabon gida.

Ruwan nan ɗaya ne. Foman lamba yake gani, masunta kifi, manoman rani tumatir, Baba kuma inuwar matarsa. Tun daga ranar, in zan rubuta awo sai na yi bisimilla, don na gane bisa garin mutane nake tsaye.

Kai da biron ke hannunka yanzu, ka taɓa tambayar wa ke kwance ƙarƙashin lambar da kake rubutawa?